Sababbin Ƙafafu Don Tafiyar Dineke

Berend Hadders ya kusa shekara arba'in yana tatsar shanu a gefen wani ƙauye na lardin Drenthe, kuma a tsawon shekarun nan bai taɓa kwana biyu a jere nesa da garkensa ba. Saniya ba ta san Lahadi ba, ba ta san biki ba, safe da yamma sai an tatse ta. Da gwiwoyinsa suka fara ba shi labari, 'yarsa tilo Marrit kuma ta ce ba ta ga abin da zai raba ta da aikinta a Zwolle ba, sai ya sayar da shanun a ƙarshen kaka. Yana tsaye yana kallo aka loda su a manyan motoci. Ya shiga gida ya ce wa matarsa Dineke, "To, an gama." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Sanyin shekarar bai wuce ba Dineke ta haɗa kayanta. Ba faɗa aka yi ba, ba a taɓa jin kansu ba ma. A teburin kicin ta gaya masa, ta riƙe kofin gahawa da hannu biyu.

"Duk shekarun nan cewa nake shanu ne suka cinye maka magana. Ina ta haƙuri, ina cewa ranar da suka tafi zan samu mijina. Ga shi sun tafi, Berend. Daga ni sai kai sai ƙarar agogo."

Magana ta cika masa ƙirji. Da ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Wa zai kai miki kayan?"

Shi ya kai mata su Assen, inda ta kama ɗan gida a hawa na biyu. Har ya kafa mata labule kafin ya dawo.

Sai da ciyawa ta fara kore sannan ta kira shi a waya. Bayan gaisuwa ta ce tirelar kwanansu take so, ɗan ɗakin nan mai taya da mota ke ja, in ba zai damu ba. Arewa za ta nufa, Norway, can ƙurya inda rana ba ta faɗuwa tsakiyar shekara. Ta riga ta kama wuri a jirgin ruwan da ke tashi daga Denmark. Za ta zo ɗauka ranar Asabar ta sama.

"Tana nan," in ji Berend.

"Na sani tana nan. Ina za ta je?" Ta ɗan yi dariya, irin dariyar da ya daɗe bai ji ba.

Ya ajiye wayar yana jin zuciyarsa na bugawa kamar ta saurayi. Norway! Tafiyar da ta yi ta roƙonsa tun Marrit na goye, yana cewa baɗi, baɗi ta zo ya sake cewa baɗi. Tirelar nan sun saye ta ne don yawon duniya, amma ba ta taɓa wuce bakin kogin Vecht ba. Can zai kai su, ya kafa musu rumfa, ya ci abincin rana a tsaye, ya juyo gida don tatsar yamma. Yanzu ga shi babu shanu, ga Dineke ta kira shi, shi, tana maganar Norway. Bai tambaye ta da wa za ta ba. Ya ga kamar amsar a fili take.

Ya tafi tsohon ɗakin ajiyar ciyawa ya yaye tamfol ɗin da ya lulluɓe tirelar. Farin fentinta ya koma ruwan madara, amma jikinta lafiya lau. Ƙafafun ne suka ba shi tsoro. Zanen tayoyin bai ko goge ba, sai dai gefensu duk ya tsattsage kamar faso a diddige, rim ɗin kuma, ƙarafunan da tayoyin ke zaune a kai, tsatsa ta cinye su. Ya durƙusa da ƙyar yana shafawa.

"Ango, ango! Me ake nema a ƙasa, ko zoben auren ne ya faɗi?"

Lammert ne, maƙwabcinsa mai kiwon tumaki. Tare suka yi firamare. Ƙaton mutum ne mai tumbi, bakinsa ba ya hutawa sai in yana tauna. Berend ya gaya masa yadda aka yi.

Lammert ya tura hularsa baya. "Tsaya tukuna. Ta ce mu je, ko ta ce zan je?"

"Ta ce Norway."

"Na ji Norway, ba kurma ba ne ni. Mace ta bar ka da sanyi, ta kira ka da bazara tana neman gado mai taya, kai kuma har ka fara washe baki. Mutumina, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka tabbata babu wani mai gemu da ke jiranta a Assen?"

"Dineke ba haka take ba."

"Ni dai na faɗa."

"Ko da wa za ta, ba za ta hau hanya da waɗannan tayoyin ba," in ji Berend. Ya faɗa ne don ya rufe bakin Lammert, amma kalmar nan ta mai gemu ta zauna masa a ciki kamar ƙaya.

Washegari ya cire ƙafa ɗaya ya jefa a bayan mota ya nufi wani shagon taya a Emmen. Mai shagon ya murza tayar, ya duba lambobin da ke gefenta, ya yi fito.

"Wannan ai ta girmi ma'aikatana. Ina kuka je da ita?"

"Ba mu je ko'ina ba."

"Shi ya sa. Taya ba tafiya ce ke kashe ta ba, tsayuwa ce."

Berend ya ce ba canji kawai yake so ba, so yake a ƙara mata ƙarfi. Hanya ce mai nisa, akwai hawa da gangara, akwai wuraren da babu kwalta sai tsakuwa. Mai shagon ya ce to a bar inci goma sha uku a koma sha huɗu, a sa taya mai kaurin gefe irin ta motocin ɗaukar kaya, wadda ba ta jin nauyi ba ta jin zafi. Ya fito masa da rim iri biyu, na baƙin ƙarfe da na alminiyam mai ƙyalli. Berend, wanda bai taɓa sayen abu don kyansa ba, ya nuna mai ƙyallin. Ya ce a haɗa masa uku, har da ta safaya. Mai shagon ya ƙirga ramukan noti, ya ba shi sababbin notuna, ya ce tsofaffin ba za su zauna a wannan rim ɗin ba, ya kuma ja masa kunne ya auna tsakanin taya da jikin tirela kafin ya ɗaure.

Aikin ya ci masa kwanaki. Ɗaya ƙafar ta ƙi fita, notunan sun haɗe da tsatsa kamar an yi musu walda. Ya zuba musu mai ya bar su suka jiƙa, ya zura dogon bututu a hannun sufana, ya hau kai da nauyinsa duka. Na ƙarshen ya saki da ƙara, Berend ya tafi da baya ya zauna daɓas a ƙasa. Lammert, da ke zaune kan damin ciyawa yana cin burodi da cuku, ya yi dariya har ya ƙware.

"Da ka yi wa matar rabin wannan hidimar, da yanzu tana kicin tana soya maka ƙwai."

Berend ya miƙe yana kakkaɓe wando. Lammert ya dube shi, ya ga maganar ta wuce inda ya nufa, sai ya ajiye burodin ya zo ya riƙe masa jak.

Berend bai tsaya a tayoyi ba. Tunda ƙafafun na waje, ya buɗe birki ya goge, ya sa sabon giris. Ya ɗora sabuwar ƙafa, ya zura hannu sama da baya ya ji akwai sarari, ya juya ta ya saurara ko za ta goga wani abu. Shiru, sai iska. Ya sauke jak, ya ɗaure notunan ɗaya nan ɗaya can, a gicciye, yadda mahaifinsa ya koya masa a kan tarakta. Sannan ya shiga ciki ya wanke. Ya fitar da katifu ya shanya, ya goge ɗan murhun, ya canza tiyon gas. A cikin wani ƙaramin kabad ya tarar da hular rana ta Dineke, wadda ta saya tun Marrit na ƙarama. Ya daɗe yana riƙe da ita kafin ya mayar.

Da ya gama ya ja da baya ya duba. Tsohuwar tirela ta miƙe tsaye a kan ƙafafu masu ƙyalli, kamar tsohuwar da aka saya wa takalmin rawa.

"Kai, kwalliya ta biya kuɗin sabulu," in ji Lammert. "Saura kai. Ka je a yi maka aski, ka yi kama da tunkiyar da ta tsere wa almakashi."

Ya je an yi masa.

Ranar Asabar da safe ya yi abin da bai gaya wa kowa ba. Ya ɗauko jakar tafiya, wadda Marrit ta ba shi tuntuni bai taɓa amfani da ita ba. Ya sa riguna masu kauri, da takalmin tafiya, da maganin gwiwa, da rezar aski. Ya kai ta tirela ya ɗaga kujerar hagu, ɓangaren da tun farko aka ce nasa ne, ya tura ta ƙasa ya rufe. Ya ce a ransa, in ta ce zo mu tafi, kada ya tsaya ɓata mata lokaci.

Da hantsi mota ta shigo harabar gidan. Ba motar da ya sani ba ce, wata ce shuɗiya mai ƙugiyar ja a baya. Abu na farko da ya duba shi ne kujerar gefen direba. Babu kowa. Hankalinsa ya kwanta.

Dineke ta fito. Ta rage gashinta, ta ɗan rame, amma fuskarta ta washe. Suka tsaya ba su san yadda za su gaisa ba, can dai ta dafa masa hannu.

"Ka yi aski."

"Lammert ne ya dame ni."

Suka sha gahawa a kicin. Ta zauna a kujerarta ta da ba tare da ta lura ba, shi kuwa ya lura. Ta tambayi gwiwarsa, ya ce da sauƙi. Ta ce lambun ya yi ciyawa, ya ce zai nome. Sannan ya ce ta zo ta ga wani abu.

Da ta ga tirelar sai ta tsaya cak a bakin ƙofa.

"Berend, me ka yi?"

"Tsofaffin sun tsage. Waɗannan sun fi girma, sun fi ƙarfi. Ko tsakuwa ce ba ruwansu. Na duba birki ma. Ga safaya can a gaba."

Ta zagaya, ta taɓa rim ɗin da yatsa. "Ban ce ka yi ba."

"Na sani."

"Sun yi kyau," ta ce a hankali, ba ta dube shi ba. "Na gode."

Ya miƙa hannu don ta ba shi makullin mota ya yi ribas, kamar yadda aka saba. Ta girgiza kai. Ta ce ta je makarantar tuƙi an koya mata jan tirela, ta iya. Ta shiga ta kawo motar da baya, tiryan-tiryan, har ƙugiyar ta tsaya daidai bakin tirelar. Ta fito ta haɗa da kanta, ta maƙala wayar fitila, ta saki birkin hannu. Berend na tsaye da hannuwa a aljihu, bai san inda zai ajiye su ba.

Ta ja a hankali. Gaban tirelar ya fito rana. Sai aka ji wata ƙara daga sama, ƙiiii, kamar ana jan ƙusa a kan kwano.

"Tsaya! Tsaya!" Berend ya daki jikin motar.

Ta taka birki ta fito. Suka ɗaga kai tare. Murfin tagar da ke saman rufin tirelar ya tokari gungumen saman ƙofa, ya ƙi wucewa. Berend ya dafe kai. Tun ranar da aka saye ta, da ƙyar take wuce ƙofar nan, sararin bai fi yatsa biyu ba. Ya auna gefen taya, ya auna bayanta, ya auna komai, amma bai tuna cewa sababbin ƙafafun sun ɗaga tirelar sama ba.

Dineke ta dube shi, ta dubi tayoyin, ta sake dubansa. Fuskarta ta canza.

"Da gangan ka yi?"

"Dineke."

"Tambayarka nake. Ka san jirgi ba zai jira ni ba. Ka sa mata ƙafafun da ba za ta fita ba, da gangan ka yi?"

A duk zamansu ba ta taɓa faɗa masa maganar da ta yi masa zafi kamar wannan ba. Ya girgiza kai kawai. Ta ga idonsa, ta sunkuyar da kai.

"Yi haƙuri. Na san ba halinka ba ne. To yanzu ya za a yi?"

Berend ya san yadda za a yi. Tun kafin ta gama tambayar ya sani, abu ne da duk manomin da ya taɓa shigar da kaya ta gajeriyar ƙofa ya sani. Amma ita ba ta sani ba. Sai wani tunani ya zo masa, ya zauna daram. Zai iya cewa sai an mayar da tsofaffin ƙafafun, an fitar da ita, sannan a sake ɗaura sababbi a waje. Da gwiwar nan tasa, aikin zai kai su yamma. Ba za ta hau hanya da yamma ba. Za ta kwana a gidan, ko da a ɗakin Marrit ne. Zai dafa dankali da kabeji, za su zauna a teburin nan, wataƙila a wannan karon maganar ta fito.

Tana tsaye tana jiransa, ta yarda da duk abin da zai ce, kamar yadda ta saba yarda da shi a kan abin da ya shafi ƙarfe da taya. Yardar nan ce ta hana shi.

Ya durƙusa a gefen tayar dama, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya kwance murfin bawul, ya danna da ƙusa. Iska ta fara fita da tsaki mai tsawo. Yana ji sabuwar tayar na laushi a ƙarƙashin hannunsa, tirelar na sauka kaɗan-kaɗan. Ya zagaya ya yi wa ta hagu haka.

"Kai, kai, kai! Mutum ya kwana uku yana hura abu, yau kuma yana sace shi?" Lammert ne ya ɓullo ta bayan shinge, ƙarar ce ta jawo shi. "Sannu da zuwa, Dineke. Kin ga abin da rashinki ya mayar da shi."

"Sannu, Lammert. Tumbin nan dai bai yi kewata ba."

"Shi ne kaɗai abin da bai taɓa barina ba."

Suka gwada, saura ƙiris, murfin tagar na shafar gungumen. Berend ya ce ba zai ƙara rage iska ba, kada rim ya ciji tayar. Ya dubi Lammert sama da ƙasa.

"Shiga ciki ka zauna. Daidai saitin taya."

"Ni? Yau kuma buhun siminti na zama?"

"Ka fi siminti amfani," in ji Dineke. "Shiga."

Lammert ya shiga yana mita, ya zauna. Tirelar ta yi ƙasa kamar ta yi ajiyar zuciya. Dineke ta fashe da dariya, ta dafa kafaɗar Berend don kada ta faɗi, shi ma ya ji dariya ta kufce masa. Lammert ya leƙo ta taga yana ɗaga hannu kamar sarauniya a keken doki. Dineke ta shiga mota tana share hawaye, Berend ya hau tsani yana kallon rufin yana mata alama da hannu. Taho, taho, a hankali. Murfin ya wuce ƙarƙashin gungumen, ko takarda ba za ta shiga tsakaninsu ba. Tirelar ta fito fili, rana ta haska rim ɗin.

Lammert ya sauko ya ce a biya shi ladan nauyinsa da kek, in an dawo daga Norway. Ya dubi Berend ya kashe masa ido, ya koma wajen tumakinsa.

Berend ya jawo injin iska ya fara mayar wa tayoyin abin da ya cire. Inda hannunta ya dafa a kafaɗarsa har yanzu da ɗumi. Rabon da su yi dariya tare haka ya manta. Ya ce a ransa, da ya gama tayar nan zai yi magana. Dineke kuwa tana ta kwaso kayanta daga mota tana shigarwa tirela.

Yana duba gejin iska ya ji ta tsaya a bayansa. Ya waiwaya. Jakarsa ce a hannunta.

Ya kashe injin. Wurin ya yi tsit, sai kukan tumakin Lammert daga nesa.

"Wannan fa?" ta ce.

Ya miƙe yana goge hannu a wando. "Na ce ko da za ki... Babu shanu yanzu. Ba abin da zai dawo da ni da yamma."

"Wayyo, Berend."

"Ba sai na yi tuƙi ba, tunda kin iya. Zan zauna a gefe. Zan yi magana, Dineke. Ban iya ba, amma zan koya. Ke ma ai koyon ribas kika yi."

Ta ajiye jakar a ƙasa a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Idonta ya cika.

"Da a ce ka faɗi haka shekara goma da suka wuce, ko biyar ma, da a guje zan shiga mota. Na jira ka har jiran ya ƙare mini. Ba fushi nake ba. Na duba inda abin yake a zuciyata ne, na tarar babu shi. Ban san ranar da ya tafi ba."

Ya dubi jakar. "Akwai wani ne?"

"Babu kowa."

"To da wa za ki?"

"Ni kaɗai."

Ya daɗe yana kallonta. Duk kwanakin nan mai gemun Lammert yake tsoro, ashe da shi ne da abin ya zo da sauƙi. Da ya samu wanda zai ƙi, wanda zai ce shi ya ƙwace masa. Amma babu kowa. Ta auna tafiya da shi, ta auna tafiya da kujera wayam, ta zaɓi kujerar.

"Da wani ne ma, da na gane," ya ce.

"Na sani. Yi haƙuri."

Ya gyaɗa kai. Ya sake durƙusawa ya kunna injin, saboda tayar hagu ba ta cika ba, kuma saboda ƙarar za ta rufe abin da ba ya so ta ji. Ya cika ta daidai, ya mayar da murfin bawul, ya bi notunan ɗaya bayan ɗaya ya sake gwada su. Ya ce ta taka birki ya duba fitilun baya, ta kunna sigina ta dama, ta hagu. Ya gaya mata in ta ɗan yi tafiya ta tsaya ta sake ɗaure notunan, sabon rim yakan saki. Ya ba ta sufanarsa mai dogon hannu, ya nuna mata yadda za ta yi. Ta saurara da kyau, ta gwada a gabansa.

Da komai ya kammala ta rungume shi. Ya tsaya ƙiƙam, yana tsoron in ya ɗaga hannu ba zai iya sakinta ba.

"Ka riƙa cin abinci mai zafi," ta ce. "Ka kuma kira Marrit, kada ka jira sai ta kira ka."

"Ki kula da gangara. Kada ki dogara da birki kaɗai, ki sa ƙaramin giya."

Ta yi murmushi cikin hawaye, ta shiga mota. Ta fita ƙofar harabar ba ta taɓa ko ginshiƙi ba. Ya bi ta har bakin titi. Hanyar miƙaƙƙiya ce tsakanin itatuwa, ana ganin abu har ya ƙanƙance. Tirelar na bin motar lafiya lau, ba ta kaɗawa, ba ta tangaɗi. Ya yi aiki mai kyau. Ya tsaya har farin ya ɓace a bayan coci.

Ya dawo ya ɗauki jakar ya shiga da ita, ya ajiye a bayan ƙofa. Ya zauna a kan matakalar kicin ta waje, ya rufe fuska da hannuwansa masu baƙin giris, ya yi kukan da bai yi ba ranar shanu, bai kuma yi ba ranar da ya kafa mata labule.

Dineke ta isa inda ta nufa. Marrit ce ke ba shi labari, don ya fara kiranta duk Lahadi. Ta ce Mama ta aiko da hotuna, ta yi baƙi, tana ta yawo a kan duwatsu, tirelar ko faci ba ta yi ba. Ta tambaye shi ko ta turo masa ya gani. Ya ce a'a, ta bari tukuna. Da kaka ta yi Dineke ta dawo Assen, ta kama wa tirelar wurin ajiya a can kusa da ita. Kafin shekara ta ƙare suka rabu a hukumance, cikin mutunci, har suka sha gahawa tare bayan sun fito.

A ranar rabuwar ne da la'asar Lammert ya tarar da shi a tsakar gida yana share ganyen da ba ya buƙatar shara. Ya jingina da shinge, ya buɗe baki kamar zai yi tsiyar da ya saba, sai ya fasa. Ya tsaya yana kallon gona.

"Gobe zan kwashe tumaki zuwa makiyayar bayan rafi," ya ce. "Karen nan nawa ya tsufa, ni kuma ka ga yadda nake. Ina neman wanda zai tare mini su a kwanar hanya."

Berend ya ci gaba da shara. Can ya tsaya, ya jingina tsintsiyar da bango.

"Ka buga mini taga in za ka wuce," ya ce.